Kwat ɗin da Ke Ƙasan Akwati

Tun daga ƙofar jirgin ruwan na ji ba na son sa. Wari ne ya fara tarbarmu, kuma ba warin teku ba, warin man shafawa da soyayyen dankali da turaren nan da ake fesawa don a danne wani warin. Mutum dubu huɗu aka cusa a gwangwani ɗaya. Maza tumbi a waje, fata ta yi jawur kamar an ɗaye ta, mata sa'o'ina suna yawo da ɗan abin da ko jikata ba zan bari ta sa ba, da ina da jika. Ba mu gama shiga ba wani mai hoto ya tare mu yana yi mana alama mu washe haƙora. Na ce wa mijina Ilarie in dai wannan ne hutu, gara in wuni ina cirar ciyawa a gonarmu. Ya ce in rufa masa baki, yarinya tana kallo.

Yarinyar ita ce Dorina, 'yarmu tilo, shekararta arba'in da huɗu. Shekara goma sha tara ta yi a Italiya tana jinyar tsofaffin mutane a gidajensu. Ta ɗaga, ta kwantar, ta wanke musu kashi, ta ba su abinci a baki, in sun cika ta rufe musu ido ta nemi wani gidan. Bakwai ne suka mutu a hannunta, ita ta faɗa mini. Bara ta auri Ettore, wani mai gyaran lantarki a Bari, mutumin kirki, ba ruwansa, in ka cire uwarsa Graziella. Wannan tafiya ta kwana bakwai ita ce hutun farko da Dorina ta taɓa yi tun da ta bar gida, kuma ta rantse ba za ta yi shi ba sai da mu. Ettore da uwarsa ma da su aka zo.

Abin da ba ta sani ba shi ne, a watan Maris likita a Barlad, birnin da ke kusa da mu, ya duba hotunan cikin Ilarie ya ce abin ya wuce yanka, in ya ga girbin masara to ya gode wa Allah. Muka dawo gida a bas. A bakin ƙofa ya sa na rantse da kabarin uwata ba zan gaya wa Dorina ba sai an sauka daga jirgin. Ya ce yarinyar nan ta shaƙi warin mutuwa ya ishe ta, a bar ta ta yi kwana bakwai tana 'yar wani, ba mai jinyar wani ba. Na rantse. Amma ɓoye wa Dorina mai mutuwa daidai yake da ɓoye wa mahauci ramammiyar saniya. Sai muka yi dabara. Suwaita biyu yake sawa, ɗaya kan ɗaya, ga falmaran mai faɗi a sama, cikin zafin nan. Ramar fuska kuwa muka ce likita ne ya hana shi kitse saboda hawan jini.

Ƙunshinsa kuma yana ƙasan akwatinmu, ni na sa shi da hannuna. A garinmu duk wanda ya haura sittin yana da nasa a ajiye: baƙar kwat, farar riga, sabon takalmin da bai taɓa taka ƙasa ba, tawul, kyandir, da farin hankici da aka ƙulle kwabo a gefensa, kuɗin fito ke nan, don a can ma akwai mashigan da sai an biya. Ni tela ce, shekara talatin da ɗaya na yi a masana'antar ɗinki. Bayan maganar likita na fito da kwat ɗin na rage ta daidai da abin da ya rage na mutumin, na cusa auduga a kafaɗu da ƙirji, don kada matan gari su zo ban kwana su fita suna cewa ni Profira na binne miji a cikin buhu. Abu ɗaya ne kawai babu, hoton da ake mannawa a jikin gicciyen kabari. Ya ƙi zuwa wurin mai hoto a Barlad, wai ranar da ya je gari duka zai ji. Mai ciwo irin nasa ba ya nisa da gida ba kayansa. In ta Allah ta kasance a tsakiyar ruwa, da me za a sa shi? Da rigar nan mai hoton kifi da suke sayarwa a shagon jirgi?

Kwana biyun farko a wurin ɗiba-da-kanka muka ci, can hawa na sama. Allah wadai. Mutum zai tula faranti kamar gobe za a yi yunwa, ya ci loma uku ya ture, ya tashi ya tulo wani. Na ga wani ƙato ya lashe cokalin ɗiban miya ya mayar cikin tukunya. Na ga burodi a ƙasa ana taka shi. Na farko na ɗauka na sumbace shi na ajiye a gefe kamar yadda aka koya mana, da na ga abin ba iyaka sai na riƙa kallon sama in ina tafiya. Ilarie kuwa ba abin da ke zama a cikinsa sai ruwan miya, amma dole Dorina ta ga farantinsa ya koma wayam. To wa zai ci? Ni. In ta juya sai in janyo nasa in tura masa nawa da na cinye. Na ci nawa na ci nasa, har da jatan lande masu gashin baki suna kallona da baƙaƙen idanu. Graziella ta ce wa Dorina lallai uwarta akwai cin abinci. Na ji, don shekara goma sha tara ina sauraron yarensu ta waya, na tsinci abin da na tsinta.

Rana ta uku aka turo takarda ta ƙarƙashin ƙofa, wai yau da yamma liyafar kyaftin ce a babban zaure, a zo da kayan ado. Na sa rigata ruwan toka ta zuwa coci. Ilarie ya sa wankakkiyar riga da suwaitarsa mafi kyau, ya goge takalmi, ya taje sumarsa da ruwa. A ƙofar zauren wani dogo mai farar safar hannu ya miƙa hannu ya tare shi, cikin ladabi irin na wanda ya saba wulaƙanta mutane. Namiji ba ya shiga sai da kwat. A gaban idona wata mata ta wuce, rigarta a tsage tun daga wuya har cibiya, an buɗe mata hanya ana sunkuyawa. Wani ya wuce da kwat mai ƙyalli wadda maɓallanta ba su haɗu ba, yana warin giya tun ƙarfe bakwai. Su sun yi ado. Mijina da ya yi shekara arba'in bai taɓa zama a teburi da ƙazamin hannu ba, shi ne bai cancanta ba.

Dorina ta yi ta faɗa da mutumin. Ettore ya ce zai cire tasa ya ba shi, to shi kuma ya shiga da me? Graziella ta ɗaga gira ta gyara sarƙarta, kuma da ta yi magana da ya fi sauƙi. Muka koma sama wurin masu lasar cokali. A nan Dorina ta buga teburi ta ce akwai wata liyafar a rana ta shida, kuma ko ana ha-maza-ha-mata sai babanta ya zauna a zauren nan. Akwai shagon hayar kwat a hawa na biyar, jibi da safe ita da kanta za ta kai shi a auna shi.

Ni da Ilarie muka kalli juna. A auna shi, wato ya tuɓe suwaita biyun a gabanta. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Washegari da hantsi, suna can suna kallon wani tsibiri ta bakin jirgi, na sulale na je shagon ni kaɗai da awonsa a kaina. Matar ta fito mini da guda uku. Tir. Ta farko na ɗaga hammatarta na shinshina, sai da na dafa bango. Ta biyu akwai busasshen maiƙo a kwalarta, a aljihu kuma na ci karo da tsinken sakace da wani ya yi amfani da shi. Ta uku ba laifi, amma ko mafi ƙanƙantarsu Ilarie biyu za su shiga su yi hira. Ba auduga, ba komai, kafaɗunsa za su fito kamar maratayin kaya. Na tambaya ko za su bari in rage ta in mayar daga baya, matar ta dube ni kamar na ce zan yanka mata akuya a shago. Na fita na wanke hannu sau biyu.

Na same shi a ɗakinmu, wanda ko taga babu, yana kwance yana hutawa daga wahalar nuna lafiya. Na gaya masa abin da na gani. Na ce abin da ya rage kawai ya ce cikinsa ya ɓaci ranar liyafar. Ya ce in ya ce cikinsa ya ɓaci, Dorina za ta zo ta danna cikin, shi ke nan an gama. Sai ya nuna akwati da haɓa.

"Fito da tawa."

Na yi kamar ban gane ba. Ya maimaita. Na ce ya haukace. Wa ya taɓa jin an ci abinci da kayan kabari? Kayan da limamin coci zai yayyafa wa ruwa, a kai su cikin 'yan rawa da mashaya? Na ce masa wannan kiran mutuwa ne da baki, kuma in shi bai ji tsoro ba ni ina jin ƙyama.

"Tsohuwa," in ji shi, "mutuwa ta san lambar ɗakin nan. Ba sai an kira ta ba."

Na ce ba zan taɓa ba. Ya ce kwat ɗin tasa ce ko ta tsutsa? In tsutsa za su more ta shekara da shekaru, shi ma a bar shi ya ɗana na awa biyu. Ya ce ita kaɗai ce tufa a duniya da za ta mayar da shi mutum a idon 'yarsa, tunda ni na ɗinka ta don ta yi ƙarya. Wannan kam gaskiya ne, kuma shi ya fi ba ni haushi. Dorina ba ta san kwat ɗin ba, bayan tafiyarta muka saye ta. Na zage shi, na zagi jirgin, na zagi mai farar safar hannu har kakansa, sannan na durƙusa na buɗe akwatin.

Warin kafur ya cika ɗakin. Na zare kyandir da tawul na mayar ƙasa. Takalmin kam na ce ko sama da ƙasa za su haɗu ba zai taka kafet ɗin da mutane ke amai a kai ba, ya sa tsohon nasa. Bai yi musu ba. Na rataye kwat ɗin a banɗaki na sake ruwan zafi tururi ya buge ta, kwana biyu ina yi, na fesa mata turaren da Dorina ta ba ni. Sai ta koma warin kafur da fure a haɗe, wato warin ɗakin da aka shimfiɗe mamaci sak. Dorina kuma na je na ce mata ashe akwai kwat a ƙasan akwati, ta bikin ɗan ƙanwata, tsufa ne ya sa na manta. Ta riƙe kai ta ce, Mama, kin bari aka kore mu a banza. Na ce na bari.

Ranar ta zo. Ni na sa masa, don hannunsa ba ya kaiwa baya sosai. Kullum in na tuna ranar da zan sa masa rigar nan, a raina jikin sanyi ƙalau yake, ba ya motsi. Yau ga shi da ɗumi, yana numfashi a wuyana, yana mita wai na shaƙe shi da maɗaurin wuya. Sai da na shiga banɗaki na tofar da yawu. Da na fito na gan shi tsaye gaban madubi, sai haushi ya sake kama ni, don ya yi kyau. Ko ranar aurenmu bai yi kyau haka ba, ranar kwat ɗin wansa ya ara, hannun ya yi masa gajere.

Dorina na ganinsa a bakin lif ta tafa hannu ta ce, "Baba, ka koma ango." Ta rungume shi sama-sama don kada ta ɓata kwalliyarta, na gode wa Allah da jan-bakin nan. Mai farar safar hannu ya sunkuya mana har ƙasa, shi ɗin dai, bai ma gane mu ba. Graziella ta kama hannun kwat ɗin ta murza da yatsu biyu, ta ce yadi ne mai kyau, irin wanda ba ya tsufa. Na ce mata ƙwarai, an saye shi ne don ya daɗe.

Zauren kuwa fitilu kamar za su faɗo wa mutum a ka, cokula huɗu-huɗu a gefen kowane faranti. Aka kawo dodon koɗi a cikin ɓawonsa yana iyo a man shanu. Aka kawo ɗanyen nama an yanka shi siriri, jini-jini, an barbaɗa masa ganye. Aka kawo wani abu da kumfa a kai kamar wani ya riga ya ɗanɗana ya fasa. A nan ba damar musanya faranti, teburin zagaye ne, kowa na ganin kowa. Ilarie ya riƙa yankawa ƙanana yana turawa ƙarƙashin ganye. Ni kuwa ba abincin ne ya fi tayar mini da zuciya ba. Hannun kwat ɗin ne, da na auna shi don ya kwanta a kan ƙirji ɗaya bisa ɗaya, ga shi yana kai cokali baki, yana miƙa gishiri. Duk lokacin da ya matsa kusa da miya sai in kau da kai.

Amma Dorina tana dariya. Ban taɓa jin ta yi irin wannan dariyar ba tun tana 'yar makaranta. Ta cire takalmi a ƙarƙashin teburi, ta jingina da kafaɗar mijinta, tana ba su labarin yadda babanta ya taɓa bin alade a guje har cikin coci. Ilarie yana gyara mata labarin, ita tana juyawa cikin yarensu. Ya kalle ni ta gefen ido, irin kallon nan na kin gani ko. Na gani. Na ce a raina saura kwana ɗaya da rabi, Allah ka rufa mana asiri.

Sai aka rage fitilu, masu hidima suka fito a jere ɗauke da kek mai askirim yana cin wuta, kiɗa ya tashi, manya-manyan mutane masu furfura suka miƙe suna juya tsumman goge baki a sama kamar masu korar ƙuda. Kyaftin ya ɗaga kofi daga can nesa. Ettore, bawan Allah, ya cika wa Ilarie kofi da giyar nan mai kumfa ya ce ai ba a ƙin ta kyaftin. Na harare shi, bai gani ba. Ilarie ya miƙe da kowa, ya kurɓa, ta sarƙe shi. Ya yi ta tari, gumi ya keto masa a goshi. Tsummansa ya faɗi ƙasa garin miƙewa. Sai ya sa hannu a aljihun ciki, kamar yadda duk namiji zai yi, ya zaro hankici.

Na cire kyandir, na cire tawul, na hana takalmi. Hankicin ne na manta, don tun watan Maris na sa shi a aljihun ciki yadda zai kasance kusa da shi. Ya warware a hannunsa, gefen da aka ƙulle ya yi lilo ya bugi bakin faranti. Ƙwal. Duk da kiɗan nan sai da kowa a teburin ya ji.

Ettore ya fashe da dariya ya ce ashe tsoho yana ɓoye wa matarsa kuɗi. Graziella ta ce a'a, laya ce ta sa'a, su ma kakarta tana da irinta, ta miƙo hannu za ta taɓa. Dorina ce ta riga ta. Ta karɓi hankicin daga hannun babanta ta riƙe ƙullin a tafinta. Tana da shekara goma sha biyar ta ƙulla irinsa da hannunta, ranar da uwata ta rasu, ni na nuna mata yadda ake yi.

Ta kalli ƙullin. Ta kalli farar rigar da har yanzu layin ninki bai gama fita daga ƙirjinta ba. Sannan ta ɗora hannu a kafaɗarsa kamar mai lallashin wanda ya sarƙe, ta danna. Na ga yatsunta sun nutse cikin audugata sun tarar da ƙashi. Ta gangaro da hannun a hankali har gwiwar hannunsa, ta kama wuyan hannun ta riƙe, irin riƙon da ba na gaisuwa ba. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, balle hannun da ya ɗaga mutum bakwai.

Ta juya ta yi wa Graziella murmushi, ta ce mata al'adarmu ce, matafiyi ba ya hawa ruwa sai da kuɗin fito. Graziella ta ce kai, abin sha'awa. Sannan Dorina ta dube ni, murmushin yana nan a fuskarta saboda su, ta yi magana da yarenmu.

"Tun yaushe?"

Na kalli Ilarie. Ya sunkuyar da kai yana gyara cokula. Rantsuwata ta riga ta zube a faranti.

"Maris," na ce.

"Zuwa yaushe?"

"Girbin masara."

Ta gyaɗa kai kamar an gaya mata lokacin tashin bas. Ilarie ya ce mata, a hankali, ta ci kek ɗinta kafin ya narke. Ƙullin ya ɗan saki, ta kwance shi ta sake ɗaurewa tam, ta ninke hankicin gida huɗu, ta buɗe kwat ɗin ta mayar masa aljihun ciki, ta shafa wurin. Ta sunkuya ta mayar da takalminta.

Ana cikin haka mai hoton nan ya iso teburinmu, wanda ya addabe mu tun ranar farko, yana ta yi mana alamar haƙora. Na ɗaga hannu zan kore shi, Dorina ta ce a'a. Ta sa muka matsu aka ɗauke mu duka, Graziella a tsakiya. Sannan ta miƙe ta kama babanta, ta ce wa mutumin ya biyo su. A bakin zauren yana da wani labule da aka zana matakala ta zinariya da wata a jiki, ya nufi can. Ta ce ba nan ba. Ta nemi farin bango kusa da ƙofar masu hidima ta tsayar da Ilarie.

"Shi kaɗai," ta ce wa mai hoton. "Daga ƙirji zuwa sama."

Mutumin ya yi ta ƙoƙarin sa shi dariya, yana karkata kai, yana kaɗa yatsu. Ilarie bai kula shi ba. Ya zaro ɗan matajinsa ya gyara suma, ya tambaye ni ko maɗaurin wuyan ya miƙe. Na je na gyara abin da ba ya buƙatar gyara. Ya ɗaga haɓa, ya kalli gilashin kyamarar kai tsaye, baki a rufe, kamar yadda duk mazan da ke hotunan kaburburan bayan cocinmu suke kallo. Mu uku ne kawai a jirgin nan muka san hoton mene ne. Ettore yana gefe yana cewa kai, suruki ya fi kyaftin kwarjini.

Da safe, ko bakwai ba ta yi ba, aka ƙwanƙwasa. Dorina ce. Ba jan-baki, ta ɗaure gashi baya, ta naɗe hannun riga, ga tawul a kafaɗa. Ta ce in fito mata da duk magungunan da na ɓoye da takardun likita. Na fito da su daga cikin safa. Ta jera su a kan gado tana karantawa, ta ce wannan ba a sha da wancan, wa ya ce in riƙa ba shi kafin abinci. Ta cire masa suwaita biyun ta ninke ta ajiye can saman kabad. Ilarie ya ce mata yau fa ake tsayawa a tsibirin nan mai fararen gidaje da ta daɗe tana son gani, ta tafi, mijinta na jira. Ta ce ya ɗaga hannu. Ya ɗaga. Ni kuma ta ce in fita in sha iska, in bar ta da shi.

Na hau sama na zauna a cikin masu jan tumbi, ina kallon su suna layin ƙwai da naman alade. Kwana bakwai ya roƙar mata, ta samu biyar da rabi. Ba ta sauka a tsibirin ba.

Ya ga girbin masara, har ya yi mita wai an bar ta ta bushe da yawa. Da ya cika, a kwat ɗin muka sa shi. Akwai ɗigon miya a bakin hannun dama, na gan shi tun a jirgi, na ɗauko sabulu sau biyu ina mayarwa, daga ƙarshe na ɗora hannun hagu a kai. Hoton kuma da ya zo, ashe sun buga sunan jirgin da ruwan zinariya a ƙasa, har da ɗan zanen igiyar ruwa. Sai da mai yin gicciye ya sa almakashi ya yanke.